Kundin aikin bincike: me ke riƙe yaro a lakwal?

6 ga Oktoba 2025

Yau mun buɗe aiki. Abin da muke son sani shi ne: yaron da ya gama aji shida na firamare ya shiga kolej, me ke sa ya zauna har ya kai jarrabawar kammala kolej ta BEPC, me kuma ke sa ya sulale tun daga siziyam, wato ajin farko? Za mu bi kolej huɗu, biyu a cikin birnin Maradi, ɗaya ta wajen Tibiri, ɗaya ta wajen Madarunfa, tare da makarantun firamaren da ke tura musu yara. Ba za a ga sunan ko ɗaya daga cikinsu a wannan kundi ba, haka muka yi da shugabanninsu.

Kuɗin da muka samu ba su da yawa. Da aka zauna rabonsu, wani abokin aiki ya kawo shawara a nemi ɗaliban jami'a ƴan sa-kai, tunda a cewarsa gogewar da za su samu ma lada ce. Ban yarda ba. Ɗalibin da zai iya yin wata huɗu yana aiki kyauta shi ne wanda gidansu ke cikin gari, ya dawo ya tarar an ajiye masa tuwo. Wanda ya fito daga Dakoro ko Mayahi, yana rayuwa da bursi, yana kabu-kabu da yamma ko yana bitar karatu wa ƴaƴan wani mai hali, ba shi da lokacin kyautarwa. Shi kuwa muke nema, don shi ya bi hanyar da muke bincike a kanta: ya bar ƙauye yana ɗan shekara 12, ya zauna gidan mutane don ya yi kolej. In aka ce kyauta, an riga an zaɓi ƴaƴan masu hali tun ba a buɗe takardar kowa ba.

An tsaya a kan mutum shida, kwana uku a mako, jikka 60 (sefa dubu 60) a wata, kuɗin mota da na abincin rana daban. Mafi ƙarancin albashin da doka ta tsayar a Nijar jikka 42 ne tun Janairun 2024, mun ga bai dace mu sauka ƙasa da shi ba ko da aikin ba na kullum ba ne. Yau aka liƙa sanarwa a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

15 ga Oktoba

Takardun nema sun fi ƙarfin teburina. Yawancin masu neman ƴan sashen noma ne da na kimiyya da na IUT, wato cibiyar koyon fasaha ta jami'a, abin da aka san jami'ar Maradi da shi ke nan. Masu karatun ilimin koyarwa suna Tawa, masu nazarin zamantakewa suna Damagaram. Wannan bai dame ni ba. Mai karanta tattalin arzikin karkara ya saba zama da magidanta, mai lissafi kuma zai kama mana kuskure a tebur.

Ba mu duba maki sosai ba. Kowa mun ba shi minti goma ya yi hira da ɗaya daga cikinmu kamar yana gaban uwar da ta cire ƴarta daga lakwal. Nan aka rabu. Akwai waɗanda suka fara da wa'azi a kan amfanin ilimin ƴa mace, da Faransanci mai kyau kuwa. Akwai wata ƴar Gazawa da ta durƙusa ta ce, "Inna, ina wuni, ya gajiyar kaka?" ta bar maganar lakwal sai da hira ta yi nisa. Ita muka fara ɗauka. A ƙarshe mata uku, maza uku. Biyu daga cikinsu suna jin Fulatanci.

An yi ƴar gardama a kan yadda za a biya. Hanyar da aka saba a irin wannan aiki ita ce a biya bisa yawan takardun tambayoyin da mutum ya cika. Duk wanda ya taɓa duba sakamakon irin wannan biya ya san abin da take haifarwa: hirar minti arba'in ta koma goma, wani lokaci ma a cika takardar a ƙarƙashin bedi ba a ga kowa ba. Biyan wata muka zaɓa, kuma an rubuta a yarjejeniya cewa makon jarrabawarsu babu fita, ba kuma za a yanke musu ko dala ba.

24 ga Oktoba

Mako guda na horo ya ƙare. Rabinsa ya tafi a kan abin da dokokin ƙasa suka ce, don kada su je gaban direkta ba su san filin da suke takawa ba. Dokar tsarin ilimi ta 1998, wadda ake kira LOSEN, ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, kuma gwamnati ta ɗauki nauyin samar da shi ga yara daga shekara 4 zuwa 18. A Disamban 2017 aka sa hannu a kan dokar kare yarinya da tallafa mata a karatu, da nufin ta zauna lakwal har shekara 16. Sai kwamitocin kula da makarantu, waɗanda har yanzu kowa ke ce wa COGES, inda iyaye da malamai ke zama tare. Shirin da ƙasar Japan ta tallafa tun 2004, wanda ya faro daga jihar Tawa, shi ya ƙarfafa zaɓen shugabanninsu ta hanyar ƙuri'a.

Na kuma nuna musu sakamakon gwajin PASEC, wanda ke auna karatun ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. A 2014, ɗaliban aji shida na Nijar da suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai 10 cikin 100 ba. A 2019 an tashi zuwa wajen 30 cikin 100. Ci gaba ne, amma yana nufin mafi yawan yaran da ke shiga kolej ba sa iya karanta shafi su gane abin da ke ciki. Na ce su riƙe wannan a ka duk lokacin da wani ya ce musu yaran yanzu ba sa son karatu.

Sauran kwanakin na aikin hannu ne: cika tambayoyi a manhajar KoboCollect a waya, naɗar murya, neman yardar uba ko uwa kafin a yi magana da yaro, da ɓoye suna. Takardar izini daga hukumar ilimi ta jiha ta fito jiya.

8 ga Nuwamba

Yau shekara huɗu da gobarar da ta cinye azuzuwan rumfa a wata makarantar firamare a nan Maradi, yara aƙalla 25 suka rasu, ƴan shekara biyar da shida. A Afrilun wannan shekarar ta 2021 irinta ta kashe yara 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Allah ya ji ƙansu.

Ba zan iya rubuta komai a kan ƙwazon ɗalibi ba tare da rumfa ta shigo ba. Ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, kuma ruwan farko na bazara ke rufe shi. Shekarar karatu wata tara ce a takarda, amma ajin rumfa ana gutsure masa kai da gindi. A kolej ɗin wajen Madarunfa, ajin siziyam guda sai makon nan ya samu rufi. Yaran da muka zo tambaya ko suna son lakwal, wata guda suka yi suna zuwa ana ce musu su koma.

19 ga Nuwamba

Zagayen farko ya kammala a makarantu uku. Abin da ya fito da yawa, zan rubuta wanda ya fi tsaya mini.

Littafin kiran suna ba ya faɗin gaskiya duka. Ɗaya daga cikin samarin ya zauna ya gwama sunayen da ke littafi da kawunan da ke aji, ya ga akwai yaran da ake rubuta wa "yana nan" alhali suna gona wajen roron wake da tonon aya. Malamin bai ɓoye ba: in ya rubuta fashi da yawa yaron zai fuskanci kora, shi kuwa ya san zai dawo in an gama kaka. Da baƙo ne ya zo da mota mai tambari, littafin kawai za a miƙa masa. Wannan saurayi kuwa malamin ya ɗauke shi ƙane, har shayi suka sha.

Maganar masauki ta fi yadda muka zata girma. Firamare tana ƙauye, kolej tana garin da ya fi girma, wani wuri tafiyar sa'a biyu a ƙafa. Yaro ko dai ya yi ta zirga-zirga cikin sanyin hunturu, ko a nema masa mai masauki. Namiji ana iya jefa shi gidan kowane ɗan uwa, ya kwana a zaure. Mace fa? Wani magidanci ya ce wa ƴar Gazawa, "Ƴata, ke kin ga wanda zai kai budurwar ƴarsa gidan da bai san wa ke shiga wa ke fita ba?" Wannan mutum ba ya ƙin boko, ƴarsa ta gama firamare da maki mai kyau kuma yana alfahari da hakan. Inda aka samu masaukin ma, sau da yawa yarinyar ke ɗebo ruwa, ta yi daka, ta ɗauki talla, sai dare ta buɗe kaye babu fitila. Daga nan na fahimci abin da ya sa gwamnatin da ta gabata ta matsa a kan gidajen kwana na ƴan mata, ko da yake ginin ba shi ne ƙarshen magana ba, sai an ciyar, an kuma samu macen da iyaye suka amince da ita tana kwana da yaran.

Kowa ya san alƙaluman aure: binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maradi na sahun gaba. Abin da alƙaluman ba su nuna ba shi ne wanne ke riga wanne. A hirarrakin da muka yi zuwa yanzu, sau da yawa karatun ne ke fara lalacewa, yarinya ta faɗi siziyam ko a kore ta don maki bai kai ba, ta zauna gida, sannan maganar aure ta taso. Uwa ɗaya ta ce da ƴarta tana ci gaba da ba wanda zai taɓa ta. Hirarrakinmu ba su isa a yanke hukunci ba, amma sun isa mu ƙara tambaya guda a zagaye na biyu: wane wata yarinyar ta daina zuwa, wane wata aka kawo kuɗin gaisuwa.

Tsaro: ba ma zuwa ƙauyukan da ke dab da iyaka, kuma kowa ya kamo hanyar gida kafin la'asar.

2 ga Disamba

Kason kuɗi na biyu daga masu tallafa mana ya makara, albashin Nuwamba bai fita ranar da aka yi alkawari ba. Ɗaya daga cikin samarin ya kira ni ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, gobe ba zan samu fita ba, na karɓi babur ɗin maƙwabcinmu." Ba fushi ya yi ba, kuɗin haya ne ya taso. Mu uku manyan muka haɗa daga aljihu aka tura wa kowa rabi ta kamfanin aika kuɗi na Nita, sauran sai kuɗin sun iso. Daga yanzu za a riƙa ware albashin wata guda a gefe kafin a taɓa komai, ko da za a rage buga takardu.

12 ga Disamba

An biya cikon. Zaman bitar yau ya yi zafi, kuma ya fi kowane zama amfani.

Ɗaya daga cikin ƴan matan ta kawo shawara mu riƙa ba yaran da suka fi zuwa aji kyautar kaye da biro, mu ga ko zuwan zai ƙaru. Sai na ba su labarin gwajin da Edward Deci ya yi a Amurka, aka wallafa a 1971. Ya ba ɗaliban jami'a wasan haɗa katakai, wasu yana biyansu a kan kowane da suka warware, wasu ba ya biya. Da aka janye kuɗin aka bar su su kaɗai, waɗanda aka saba biya sun rage taɓa wasan. Daga baya shi da Richard Ryan suka gina ra'ayin cewa sha'awar da ke fitowa daga zuciyar mutum tana tsayuwa a kan abu uku: ya ji da zaɓinsa yake yi, ya ji yana iyawa, ya ji akwai waɗanda suka damu da shi a wurin.

Ban rufe baki ba mai lissafin cikinsu ya ce, "To Malam, mu ma ke nan a daina biyanmu don mu fi son aikin?" Aka yi dariya, amma tambayar tana da nauyi. Amsata ita ce ɗaliban Deci ba kuɗin haya suke nema da wasan katako ba. Kuɗin da ke cire wa mutum damuwar abinci don ya samu sukunin aiki daban ne da kuɗin da ake kaɗa masa a gaba kan kowane abu da ya yi. Shi ya sa muka ƙi biya bisa takarda. Haka kuma kantin ɗin lakwal da ke ba yaro abincin rana ba ɗaya ba ne da kyautar biro ga wanda ya zo na ɗaya, wanda dama shi ba ya cikin haɗarin bari.

Cikin ukun nan na Deci da Ryan, na biyun ne ya fi fitowa a hirarrakinmu. Yaro ba ya cewa "ba na so". Cewa yake "ba na ganewa". Wani ɗan siziyam ya nuna wa ɗaya daga cikinmu kayensa, rubutu tsaf, ya kwafe duk abin da mushe ya sa a allo, amma bai iya karanta layi ɗaya ba. Tun da aka koma lakwal yana haka. Ina mamakin haƙurinsa ma, ba rashin ƙwazonsa ba.

Sai maganar amfanin karatun. Robert Jensen ya yi wani bincike a Jamhuriyar Dominika, aka wallafa a 2010: samarin ajin takwas suna raina abin da mai sakandare ke samu, kuma waɗanda aka faɗa wa ainihin bambancin albashin sun ƙara daɗewa a makaranta, sai dai mafiya talauci cikinsu labarin bai canza musu komai sosai ba. A Maradi abin ya fi haka sarƙaƙiya. Yaro yana buɗe ido ya ga manyan alhazan garin nan da suka yi arziki da fatauci tsakaninmu da Katsina da Kano ba tare da diplom ba. Ya ga sa'an yayansa ya dawo daga haƙar zinariya a Jado da babur sabo. Ya kuma ga mai lasans zaune a fada yana hura gawayin shayi, ya ga malaminsa ɗan kwantiragi yana lissafin kwanakin wata. Lissafin da yaron ke yi ba na wauta ba ne, kuma duk manufar ilimin da ta ɗauke shi wawa ba za ta je ko'ina ba.

Wani abu da ba mu shirya ba: a kowace makaranta ƴan mata na kewaye mataimakanmu mata suna tambaya, "Yaya, wai biyanki ake yi?" In ta ce e, sai a tambayi nawa, sai a tambayi aji nawa ta yi. Mun yanke su riƙa faɗin gaskiya, su kuma rubuta duk inda aka yi tambayar, tunda zuwan namu kansa yana iya taɓa amsoshin da za mu samu a zagaye na biyu. Kyautar kaye kuwa an ajiye ta.

9 ga Janairu 2026

Hutu ya ƙare, nasu jarrabawar ma ta wuce. Ana ta juya hirarraki daga murya zuwa rubutu, aiki mai cin rai: hirar sa'a guda tana iya cinye yini. Da Hausa muke rubutawa yadda aka faɗa, fassarar Faransanci ta biyo baya. Biyu daga cikinsu ba su taɓa rubuta Hausa da ƙa'ida ba duk da ita suka sha a nono, sai da muka yi zama a kan ƙ da ɗ da ɓ.

Wannan ya dawo da mu kan harshen koyarwa. Nijar ta fara gwada koyarwa da harshen gida tun 1973, da makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram, kuma kundin tsarin mulkin da aka amince da shi a 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. A azuzuwan kolej da muka shiga dai darasi da jarrabawa da Faransanci suke. Malamai da dama suna juyawa zuwa Hausa in sun ga idanu sun yi fari, sai su yi sauri su koma in sun ji takun baƙo. Mun roƙe su kada su canza komai don mu.

27 ga Janairu

Mun kai sakamakon farko gaban kwamitin iyaye da malamai na kolej ɗin wajen Tibiri. Ɗaliban ne suka yi bayani, ni ina gefe. Wanda ya buɗe ya ce wa mai gari "ranka ya daɗe" ya nemi izini, sannan ya zana a allo watannin da yara suka fi fashi. Ba wanda ya yi musu, kowa ya san kaka da ranar kasuwa. Da aka zo kan masauki ne zaman ya tashi. Shugabar ƙungiyar iyaye mata ta ce akwai zawarawa da tsofaffi a garin da za su riƙe yara biyu-biyu in ƙauyukan za su haɗa hatsi su kawo. Wani dattijo ya ce an taɓa gwadawa, hatsin ya zo shekarar farko bai zo ta biyu ba. An bar maganar a hannunsu, za su sake zama. Mu ba kuɗi muka kawo ba, kuma an faɗa musu haka tun farko.

A hanyar dawowa aka tayar da batun suna a rahoto. Na ce duka shidan za su fito a matsayin marubuta, ba a layin godiya ba, tunda tambayar watan bari da ta masauki daga gare su suka fito. Biyu sun nemi izinin amfani da wani ɓangare na bayanan a memwar ɗinsu na ƙarshen lasans. An yarda, da sharaɗin sunayen yara da na ƙauyuka su ci gaba da zama a rufe.

10 ga Fabrairu

Azumi ya matso, don haka zagaye na biyu zai koma safiya zalla, a dawo kafin azahar. Abin da ya rage: makaranta ta huɗu da ba mu gama ba, bin sawun yaran da suka daina zuwa tun Disamba har gidajensu, da ɗan gajeren gwajin karatu da Hausa da Faransanci ga ƴan siziyam, don mu gwama wanda ke iya karatu da wanda ke fashi.

Ɗaya daga cikin samarin zai bar mu, ya samu horon aiki a wani kamfani kuma sashensu ya wajabta. Za a ɗauki mutum biyu a madadinsa, da sharuɗɗan da aka fara da su: ɗalibin lasans shekara ta biyu ko ta uku, mai jin Hausa sosai, in da Fulatanci ko Tamashek ya fi, kwana uku a mako, jikka 60 a wata zuwa ƙarshen Mayu. Wanda ya yi kolej a gidan mai masauki ya faɗa a takardarsa. Tsofaffin ne za su horar da sabbin, kuma za a ƙara musu jikka goma-goma na wannan makon. Sanarwa za ta fita ranar Alhamis.